Me ya sa ake sare rassan bishiyar da aka sha wahalar dasawa? Sharhi kan renon ƙananan itatuwa a gandun daji

Duk shekara da ruwa ya sauka sai labarai su cika ko'ina, ƙasa kaza ta dasa bishiya miliyan kaza, kamfani kaza ya yi alƙawarin biliyan, ga hotunan manya sun tsuguna da shebur a hannu. Bayan shekara uku ko huɗu kuma sai wani bidiyo ya ɓullo na ma'aikata a cikin irin wannan gandun suna ta datse rassa, wasu bishiyoyin ma ana kayar da su gaba ɗaya tun ba su kai ko'ina ba, alhali a gefe guda an ja waya an ce makiyayi kar ya kuskura ya shiga, wanda ya karya reshe ɗaya kuwa tara ce ke jiransa. To a nan ne mutane ke rikicewa su ce wai shin wanne za mu kama? In sara laifi ne don me su suke yi, in kuma ba laifi ba ne don me ake hana sauran jama'a?

Amsar tana cikin abin da ke faruwa da bishiya daga ranar da aka dasa ta zuwa kamar shekara 10 ko 15, lokacin da babu kyamara, babu biki, kuma sau da yawa babu kasafin kuɗi.

Ayyuka huɗu da ake yi wa kuɗin goro

Gandun da ake magana a kai shi ne wanda yake da mai shi kuma yake da tsari a rubuce, ko na gwamnati ne ko na kamfani ko na al'umma, an san don me aka dasa shi: katako, turakun wuta, takarda, tare hamada, kare bakin kogi, ko dai kawai dawo da dajin da ya ƙare. Wannan manufar ita ke yanke hukunci a kan komai, saboda abin da yake gyara ne a gandun katako yana iya zama ɓarna a dajin da aka bari don namun daji.

Aiki na farko kariya ce, wato tsare dashen daga dabbobi da ciyawa da wuta da ƙwari har ya fi ƙarfinsu. Na biyu gyaran siffa, ana yinsa tun bishiya tana ƙarama don ta tashi da kai ɗaya miƙaƙƙe, idan ta yi kai biyu a cire ɗaya. Na uku datse rassan ƙasa, shi kuma sai ta ɗan yi tsawo, ana bin gangar jikinta daga ƙasa ana cire rassa hawa-hawa don katakon da za a samu nan gaba ya fito sumul. Na huɗu shi ne wanda ya fi ɗaga wa mutane hankali, rage cunkoso, inda ake kayar da wasu bishiyoyin dungurungum don waɗanda aka zaɓa su samu rana da ruwa, daidai da cirar da manomi ke yi idan shuka ta fito da yawa a rami ɗaya. Mai wucewa zai ga duk sara ne, amma kowanne da lokacinsa da dalilinsa da kuma iyakarsa.

Dashe shi ne mai sauƙin

Tun daga 2011 da aka ƙaddamar da shirin Bonn, wani shiri na duniya wanda burinsa ya kai farfaɗo da hekta miliyan 350 na dazuzzuka da filayen da suka lalace kafin 2030, sai kuma na Afirka da ya biyo baya a 2015 mai burin hekta miliyan 100, gwamnatoci suka shiga rige-rigen lissafin dashe. Matsalar ita ce adadin da aka dasa ana iya ƙirga shi a rana ɗaya a saka a rahoto, adadin da ya rayu kuwa sai an jira shekaru, lokacin wataƙila wanda ya yi alƙawarin ya bar ofis.

Wani nazari da aka fitar a 2022 ya tattara bayanai daga wurare 176 da aka yi aikin dawo da daji a yankunan Asiya masu zafi, ya gano cewa a matsakaici kashi 18 cikin 100 na dashen na mutuwa a shekarar farko, bayan shekara 5 kuma ya kai kashi 44. Kusan rabi kenan. A Turkiyya an dasa miliyan 11 a ranar 11 ga Nuwamban 2019, ba a yi wata uku ba ƙungiyar ma'aikatan gona da gandun daji ta ce cikin waɗanda mambobinta suka duba har kusan kashi 90 sun bushe saboda an dasa ba a kan lokaci ba kuma ruwa bai wadata ba, ma'aikatar gwamnati ta musanta ta ce mafi yawansu suna raye. Ko wa ke da gaskiya a cikinsu, gardamar kanta ta nuna inda gizo ke saƙa, wato ba a cika ware wanda zai koma ya duba ba.

Abin da ke kashe dashe

Abokin gaba na ɗaya ba akuya ba ce kamar yadda ake zato, ciyawa ce. Saiwar ciyawa tana nan cunkushe a saman ƙasa daidai inda saiwar ɗan dashe take, ita ke fara shanye ruwa da taki, shi ya sa ƙa'idar da aka fi bi ita ce a nome kewayen kowane dashe faɗin kamar mita ɗaya a riƙa maimaitawa har shekara 3, wasu su rufe wurin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon itace don laima ta zauna. Akwai masu fesa maganin ciyawa saboda ya fi arha a babban fili, akwai masu ƙin sa saboda ruwan sha da ƙwari masu amfani, wannan ma gardama ce mai zaman kanta.

Sai dabbobi. A wani wuri awaki da shanu da raƙuma ne, a wani wurin barewa da zomo da ɓera, a Ingila ma har kurege na ɓare ɓawon bishiyoyin da suka shekara 10 zuwa 40 ya lalata su. Abin lura shi ne dabba ba sai ta cinye dashe duka take ɓata shi ba, ta ciji tohon kai sau ɗaya ya isa, daga nan bishiyar sai ta fitar da kai biyu ko uku ta zama cukurkuɗaɗɗiya, tana raye amma ba za ta taɓa ba da gungume miƙaƙƙe ba sai an gyara. Irin wannan ɓarnar wata tsutsa ke yi wa maɗaci da danginsa, ta huda tohon kai ta shige ciki, shi ya sa noman maɗaci shi kaɗai a fili guda ya gagari ƙasashe da dama, sai dai a cakuɗa shi da wasu itatuwa a kuma riƙa bi ana gyara kan. Ga gara a ƙasashe masu zafi, ga kuma wuta wadda cikin awa ɗaya take share aikin shekara biyar, ita maganinta share hanyar wuta a kewayen gandu kafin ciyawa ta bushe.

Shinge ko bututu

Hanya biyu ce babba ta tsare dashe daga baki. Ko a kewaye filin gaba ɗaya, ko a kewaye kowace bishiya ita kaɗai. Lissafin mai sauƙi ne: fili mai kusurwa huɗu daidai na hekta 1 yana cin shinge mita 400, amma na hekta 100 mita 4,000 kawai yake ci, wato kowace hekta ta tashi a mita 40. Ka ga kenan in fili ya yi girma shinge ya fi sauƙi, in kuma ƙaramin fili ne ko bishiyoyin a warwatse suke to gara a bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai shinge yana da nasa aibin, ƙofa ɗaya aka bari a buɗe ko waya ta tsinke a wuri guda shikenan an gama da komai, kuma yana toshe hanyar mutane da dabbobin da suka saba bi.

Bututun roba da ake zura wa dashe wani ma'aikacin hukumar gandun dajin Birtaniya ne mai suna Graham Tuley ya fito da shi a 1979. Yana hana dabba kaiwa ga dashen, yana kare shi daga iska da feshin magani, cikinsa kuma da ɗumi da laima sai bishiyar ta yi saurin miƙewa sama tana neman haske. Tsawonsa ya danganta da wa ake gudu, na zomo santimita 60 ya isa, na ƙananan barewa mita 1.2, manya kuwa sai 1.8. Masu sukarsa suna cewa bishiyar da ta tashi a ciki doguwa ce amma siririya saboda iska ba ta kaɗa ta ba balle ta yi ƙwari, a ƙasa mai tsananin rana kuma cikin bututun na iya zama tanda ya dafa ganyen, don haka a irin waɗannan wuraren keji na raga ko na ƙaya ko na kara ya fi dacewa. Babbar sukar dai ita ce ta shara: ana saka miliyoyi amma ba a cika komawa a kwashe ba, robar ta farfashe ta shige ƙasa, wani lokacin ma ta shaƙe bishiyar da aka saka ta don ta kare. A 2021 ƙungiyar Woodland Trust, ɗaya daga cikin manyan masu dashe a Birtaniya, ta sanar da cewa za ta daina amfani da sababbin bututun roba a filayenta. Ana gwada na kwali da na ulu da wasu masu ruɓewa, amma har yanzu ƙorafin shi ne wasu suna ruɓewa tun kafin bishiyar ta fi ƙarfin baki, kuma sun fi tsada.

Akwai ra'ayi na uku da ke cewa duk wannan kame-kame ne, a rage yawan dabbobin kawai. A jihar Bavariya ta Jamus dokar gandun daji tun 2005 ta rubuta ƙarara cewa daji ne gaba da namun farauta, ma'ana a rage barewa har dashe ya iya tashi babu shinge. Masu gandu sun yi na'am, mafarauta da yawa da masu rajin kare dabbobi kuwa har gobe ba su gamsu ba. Inda dabbobin na gida ne kuma suna da masu su, maganar ta fi haka nauyi, za mu zo kanta.

Yadda bishiya ke ɗaukar rauni

Kafin a fahimci ƙa'idar datsa sai an san abu ɗaya, bishiya ba ta warkewa irin yadda fatar mutum ke warkewa. Wani masani na hukumar gandun dajin Amurka, Alex Shigo, ya shafe shekaru yana tsaga dubban itatuwa da zarto yana duba cikinsu, a shekarun 1970 ya bayyana cewa abin da bishiya ke yi shi ne ta killace wurin da ya ji rauni, ta gina katanga a kewayensa don ruɓa kar ta yaɗu, sannan sabon itace ya tashi ya rufe ta waje. Raunin yana nan a ciki har abada, an dai binne shi ne.

Wannan ya sauya yadda ake yanka. A da ana koyar da a aske reshe daf da gangar jiki ya yi sumul sannan a shafa fenti ko kwalta. Yanzu an bar wannan. In ka duba gindin kowane reshe za ka ga ɗan kumburi da ya zagaye shi inda ya haɗu da uwar, a nan ne ƙarfin killacewar yake, don haka zarto yana sauka ne daf da bayan kumburin ba tare da ya taɓa shi ba. In an shiga cikinsa an buɗe wa ruɓa ƙofa zuwa tsakiyar bishiya, in kuma an bar dogon guntu a waje to ɓawo ba zai iya rufe shi ba, zai bushe ya ruɓe ya ja ruɓar ciki. Fentin ma bincike ya nuna ba ya hana ruɓa, wani lokacin laima yake tarawa.

Reshe mai ɗan nauyi kuma ba a yanke shi da sara ɗaya. Ana fara ɗan tsaga shi ta ƙasa, tazarar kamar tafin hannu daga gindin, sai a koma sama a ɗan gaba kaɗan a yanke ya faɗi, tsagar farkon nan ita ke hana shi ya ja ɓawo ya yage gangar jikin yana faɗuwa, daga ƙarshe a cire guntun da ya rage a bayan kumburin. Wanda ya ɗaga adda ya kai sara daga sama yakan bar wata doguwar yaga fara fat a jikin bishiya, wadda za ta ɗauki shekaru ba ta rufe ba. Bambancin da ke tsakanin ma'aikacin da aka horar da mai wucewa da gatari kenan, kuma shi ne hujjar da hukumomi ke kafawa idan sun hana. Ko hujjar ta isa ta sa a hana kowa da kowa maimakon a koya musu, wannan wata magana ce, don abin ba ya ɗaukar yini guda a koya.

Sauran ƙa'idojin kaɗan ne. A cire reshe tun yana siriri, kafin kaurinsa ya wuce santimita 5 ko ƙasa da haka, don ƙaramin rauni ya fi saurin rufewa. Kar a kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganye a zama ɗaya, saboda ganyen ne ke ciyar da ita, kuma a bar aƙalla rabin tsawonta da rassa. Lokacin yi kuwa babu amsa ɗaya, ya danganta da irin bishiya da cutar da ke yawo a yankin, misali a sassan Amurka ana hana taɓa itacen ok daga wajen Afrilu zuwa Yuli saboda wasu ƙwari da ke bin sabon rauni suna kai masa cutar da ke kashe shi.

Datsa tana biyan kuɗinta kuwa?

Duk reshen da aka bari a jikin bishiya tana ƙara kauri tana haɗiye gindinsa, shi ne zagayayyen ƙullin nan mai duhu da ake gani idan an tsaga katako. In reshen yana raye lokacin da aka haɗiye shi ƙullin yana manne da katakon, in kuwa busasshe ne to yakan faɗo ya bar rami, kuma kowanne yana rage ƙarfin katako da kyansa. In an datse da wuri, duk itacen da ya tashi bayan nan zai fito babu ƙulli, shi ne mai tsada wajen masu kujeru da ƙofofi da falanki na ado.

Ƙasar da ta fi shahara da wannan ita ce New Zealand, inda suke noman wani irin itacen fain da ake girbewa a shekara 25 zuwa 30. Tsarinsu shi ne a datse hawa biyu ko uku tun bishiya tana tsakanin shekara 4 zuwa 10 har a kai tsawon kamar mita 6, ma'aikaci na hawa tsani da almakashi da zarto, kuma ba kowace bishiya ake yi wa ba sai 'yan ɗaruruwan da aka zaɓa a kowace hekta waɗanda za su kai ƙarshe. Amma abin mamaki a 'yan shekarun nan manyan kamfanoni da dama a can sun rage ko sun daina datsar kwata-kwata. Hujjarsu ita ce kuɗin lebura za ka biya shi yau, ribar kuwa sai bayan shekara 20, kuma babu wanda ya san farashin ranar, ga shi masana'antu sun ƙware wajen yanke ƙulli su haɗa gutsattsarin katako da gam ya koma dogo. Masu injin tsaga katako da ke dogaro da gungume mai tsabta su kuma suna kokawa cewa nan gaba kayan zai yi ƙaranci, kuma a lokacin ba yadda za a yi a koma baya a datse.

Akwai kuma masu cewa a bar daji ya yi aikinsa. In an dasa a matse, misali tazarar mita 2 wanda ke ba da bishiya 2,500 a hekta maimakon mita 3 mai ba da kusan 1,100, inuwa kan kashe rassan ƙasa tun suna sirara su zube da kansu, wasu itatuwan irin su turare ma sun iya wannan sosai. Gaskiya ne, sai dai dashen ya ninka kuɗi, kuma dole a dawo a rage cunkoso a kan kari, in an makara sai a samu dogayen sanduna marasa kauri da iska ɗaya ke kwantarwa. Ta fuskar wuta ma abin kaifi biyu ne, cire rassan ƙasa yana hana wutar ciyawa hawa sama ta kama kan bishiya, amma in an bar rassan da aka sare a zube a gindi to an tara mata makamashi ne. Masu kula da tsuntsaye da ƙwari kuwa suna tunatar da cewa karkatacciyar bishiya mai kogo da busasshen reshe gida ce ga halittu da yawa, don haka a dajin da ba katako ake nema ba yawan gyara ragi ne. Duk waɗannan ra'ayoyin babu na banza a ciki, kowa yana magana ne a kan irin dajin da ke ransa.

Wa ke da ikon riƙe adda

Nan ne maganar ta bar hannun masana ta koma ta doka. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Nijar. Dokar da aka gada tun mulkin mallakar Faransa ta mayar da itatuwa da yawa mallakar hukuma, manomi na iya shan tara a kan bishiyar da ke cikin gonarsa, sakamakon haka sai mutane suka gwammace su tumɓuke tsiro tun yana ƙarami kafin ya zame musu fitina. Ayyukan dashe da aka kashe wa kuɗi a shekarun 1970 da farkon 1980 yawancinsu ba su yi ƙarko ba. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a yankin Maraɗi ya lura cewa 'yan ƙananan kurmin da ke tohowa a gonaki ba ciyayi ba ne, kututturan bishiyoyi ne masu rai da tsohuwar saiwa a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi tsiro mafi ƙarfi daga ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, a cire sauran, a datse rassan ƙasa zuwa rabin tsawo, a kare su. Wannan ne sassaben zamani, kuma ƙiyasin da aka yi daga baya ya nuna ya bazu a kan hekta kusan miliyan 5 da bishiya kimanin miliyan 200, kusan babu dashe a ciki. Masu nazari da yawa sun danganta yaɗuwarsa da sassaucin da aka samu a doka da aiwatar da ita, har manomi ya tabbata cewa abin da ya rena nasa ne, a 2020 ma gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan haka. Gonaki ne ba gandun hukuma ba, haka ne, amma an gwada tsarin a dajin al'umma a Humbo ta Habasha a kan hekta kimanin 2,700 kuma ya yi aiki.

Indiya ta bi wata hanyar, daga 1990 ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa tsakanin hukumar daji da ƙauyuka, su yi gadi su hana kiwo da wuta, a ba su ciyawa da ƙananan itace da wani kaso na kuɗin girbi, a jihar Bengal ta Yamma inda aka fara gwajin kason kashi 25 ne. Masu yabo suna nuna dazuzzukan da suka farfaɗo, masu suka suna cewa iko na gaske ya ci gaba da zama a hannun hukuma, kuma nauyin rufe dajin ya fi faɗawa kan mata masu neman itace da marasa gona waɗanda ba su cika samun kujera a kwamiti ba. Tun kafin waɗannan ma akwai tsarin da aka faro a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, a tsakiyar ƙarni na 19, inda ake barin manoma su yi shuka a tsakanin layukan dashen itacen tik, wani itacen katako mai tsada, na shekara biyu ko uku, suna nome amfaninsu suna nome dashen, da inuwa ta rufe su tashi. Ya rage wa hukuma kuɗin noma sosai, amma inda manomi ya san girman bishiya shi ne korarsa, an sha samun dashe na mutuwa ta hanyar da ba a iya bayani.

Inda abin ke taɓa mutum

Makiyayi ne na farko da ke ji a jikinsa. Rufe fili ba na har abada ba ne a ƙa'ida, na shekarun da kan bishiya zai wuce bakin dabba ne, ga itace mai saurin girma shekara 3 zuwa 5 na iya isa, mai jinkiri ya fi haka. Rikici yakan taso ne idan ba a faɗi ranar buɗewa ba, ko an rufe duka a lokaci ɗaya maimakon kashi-kashi, ko shingen ya yanke hanyar mashaya. Inda aka yarda mutane su shiga su yanki ciyawa su fita da ita, ana samun riba biyu, dabba ta ci, gandu kuma ya rabu da abin da wuta za ta kama.

Mai neman itacen wuta shi kuma makomarsa tana kan layi ɗaya a cikin tsarin gandun: rassan da aka datse da sandunan da aka cire wajen rage cunkoso na waye? A wasu wuraren ana ba makwabta kyauta ko da ɗan lasisi, a wasu ɗan kwangila ke kwashewa, a wasu kuma a bar su su ruɓe alhali an hana ɗauka, kuma irin wannan ne ke sa mutum ya dawo da dare da gatari. Ta ɓangaren aiki, dashe na 'yan makonni ne, amma noma da gadi da share hanyar wuta da datsa aiki ne na shekaru, shi ne ainihin inda aikin yi yake in an ware masa kuɗi. Kafinta da mai gina gida su nasu sakamakon sai bayan shekara 20 ko 30 zai iso, a ingancin katako da tsadarsa, lokacin babu mai tuna cewa wata shekara ce aka tsallake datsa don a rage kashe kuɗi.

Sai kuma sabon salon biyan kuɗi a kan iskar kabon da bishiya ke riƙewa. Irin wannan kwantiragin yakan ɗaure fili na shekaru masu yawa, kuma ana biya ne a kan yawan itacen da ke tsaye, don haka wanda zai sa hannu, mutum ne ko al'umma, ya kamata ya duba ko takardar ta ba shi damar datsa da rage cunkoso da ɗibar abin da aka cire, wa zai biya kuɗin maye gurbin dashen da ya mutu, kuma in wuta ta ci gandun a shekara ta shida asarar a wuyan wa take.